Ƙaho Kafin Gwajin Jini

Yayana ne ya kawo ni Kano. Ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa. Ya fara aiki a wani kamfanin alewa a Bompai, ya koma na roba a Sharaɗa, daga baya ya samu wuri a kamfanin fata a Challawa, kuma a nan ya ƙarar da ƙarfinsa. Da na tasa, ya je ƙauyenmu a Jigawa ya ɗauko ni, ya kai ni gaban shugaban sashensu ya ce, "Ga ƙanena. Ba shi da surutu, amma yana da baya." A wannan kamfani baya ake nema, domin aikinmu shi ne fito da jiƙaƙƙun fatu daga manyan gangunan da ake juya su a ciki, mu jera su a kan katako su tsane.

Mun zauna a Zawaciki tun unguwar ba ta cika ba, tun ana ganin gonaki tsakanin gida da gida. Da safe mukan fita a keke ɗaya, yana tuƙi ina baya riƙe da kwanon abincinmu. Kafin jiniya ta yi kuka hanya ta cika da kekuna. Ga mutanen ƙauyukan kusa, ga 'yan Nijar, ga mutanen Filato da Kudancin Kaduna, kowa yana sauri yana gaisuwa ba tare da ya tsaya ba. A bakin get akwai mai shayi da mai ƙosai, da wata dattijuwa mai ɗanwake wadda ta san cikin kowa, ba sai ka faɗa mata na nawa ba. Warin fata kuwa ba ya barin mutum. Ko ka yi wanka ka sa sabuwar riga, in ka shiga mota sai wani ya ce, "Malam, Challawa ko?" Yaya yakan amsa, "Ƙwarai kuwa. Takalmin da ke ƙafarka ma ya san mu."

Akwai abin da kusan duk 'yan sashenmu suka yarda da shi, wato ruwan maganin da muke tsoma hannu a ciki yana ratsa jiki ya shiga jini ya kwanta. Maganinsa a wurinmu ƙaho ne. Ranar Asabar in an tashi, wani wanzami yakan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya kusa da get, ya buɗe zabirarsa. Mutum ya tuɓe riga ya zauna, a kafa masa ƙaho a baya, a cire a yi 'yar tsaga, a sake kafawa a zuƙa. In an gama sai wanzamin ya juye jinin a ƙasa, baƙi, guda-guda, ya nuna maka da bakin aska ya ce, "Ka ga abin da kake yawo da shi?" Sai ka tashi kana jin jikinka sakayau. Ko gaskiya ne ko a zuciya ne, ban sani ba, amma haka muke ji.

Har abokin Yaya yakan shiga layi, wani Kirista mutumin Kudancin Kaduna mai kula da injin tururi. Yaya yana kiransa Fasto, shi kuma yana kiran Yaya Liman, alhali babu wanda ya taɓa yin wa'azi ko jan sallah a cikinsu.

"Fasto, yau ma burkutun za a fitar?"

"Liman, ka ji da kanka. Kai in aka tsaga ka ruwan goro ne zai zubo."

Buri ɗaya Yaya yake da shi, kuma kowa ya san shi. Mahaifinmu ya bar gona a ƙauye, ƙasa ce mai yashi mai son gero, kuma tun da muka taho ɗan baffanmu ne yake noma ta aro. Yaya yana so ya koma ya noma ta da hannunsa, ko da damina ɗaya ce, tun daga shuka har girbi. Duk shekara in hadarin farko ya haɗo, yakan tsaya a ƙofar sashe ya dubi gabas ya ce, "Bana ce ta ƙarshe a nan." Fasto ya ce masa, "Bara ma ita ce ta ƙarshe." Amma yara suna makaranta, ga hidimar gida, shekaru suka yi ta wucewa.

Ciwon ya fara da fitsari. Ni na fara lura, domin a hanyar aiki sai ya riƙa tsayawa yana zagayawa bayan katanga, ya daɗe, ya dawo yana gumi. Mutum ne mai kunya, bai yarda an je asibiti ba sai ranar da fitsarin ya tsaya gaba ɗaya. Aka yi ta gwaje-gwaje, a ƙarshe aka ce ciwon daji ne a wani ɗan ƙullutu da maza suke da shi a ƙasan mafitsara. Aka yi masa tiyata aka cire shi a farkon damina. Wannan daminar a ɗaki ya yi ta, yana jin ruwa a kan kwanon rufi. Ya ajiye aiki. Ya ce mini, "To, Allah Ya sallame ni daga kamfani ta hanyar da ban zata ba. Baɗi sai gona."

Ni nake raka shi asibiti, domin a ganinsa maganar ba ta gaban matarsa ko 'ya'yansa ba ce. Likitan matashi ne mai magana a hankali, yana kiran Yaya da Baba. Shi ya yi mana bayanin wani gwajin jini da ake ce wa PSA. Ya ce ƙullutun nan da aka cire shi ne yake zubo wani abu cikin jini, kuma abin ake aunawa. Tunda an cire shi, ya kamata lambar ta sauka har ƙasa. In ba ta sauka ba, ko ta sauka ta sake hawa, to wani ɓurɓushin ciwon ya saura a wani wuri. Ya ce saurin hawanta shi suka fi dubawa. In tana ninkawa cikin ɗan lokaci, alama ce ciwon yana yaɗuwa.

Yaya ya saurara har ya gama, sannan ya ce, "Likita, ni tambayata ɗaya ce. Zan je gona baɗi?"

"In lambar ta kwanta, Baba, ku je abinku, sai dai ku riƙa zuwa gwaji. In ta tashi kuwa akwai gashi, wato a ƙona ciwon da hasken na'ura, kuma gashi yana so mutum ya zauna kusa da asibiti na makonni."

Tun daga ranar, lambar nan da gonar suka zama abu ɗaya a wurinsa.

Gwajin farko ya nuna ta sauka sosai, amma ba ta ɓace ba. Likita ya ce saura kaɗan, za a sa ido, mu dawo bayan wata uku. Na ga fuskar likitan ba ta saki ba, amma Yaya ya fito da fara'a. A cikin adaidaita sahu ya dafa gwiwata.

"Ka ji abin da ya ce? A jini abin yake, kuma saura kaɗan. Mu da muka yi shekaru muna kwashe dattin jini kowace Asabar, wannan ɗan sauran ne zai gagare mu?"

Maganar ta kama hankalina. Duk wanda ya ji ta a bakin get ma ta kama hankalinsa. Mun ga jinin da ƙaho yake fitarwa da idonmu, mun kuma ga ɗan abin da ake ɗiba a sirinji.

Ranakun Asabar ɗin nan da suka biyo baya su nake yawan tunawa. Yaya yakan zo bayan azahar cikin farar riga, babu warin fata a jikinsa, ya zauna a bencin mai shayi yana jiran a tashi. Da jiniya ta yi kuka sai a kewaye shi. Wannan ya ce Alhajin fansho ya iso, wancan ya ce ya yi fari ya yi kumatu. Dattijuwa mai ɗanwake ta zuba masa da mai da yawa, ta ce marar lafiya ba ya cin gaya. Shi kuma yana ta ba su labarin gona, inda zai sa gero, inda zai ratsa wake, da gefen da ruwa yake kwanciya wanda ya fi dacewa da dawa. Waɗanda suka fito daga ƙauye su yi ta gardama da shi a kan iri, kamar gobe za a yi shukar. Sannan ya tuɓe riga ya zauna gaban wanzami.

"Sarkin aska, yau likita za ka taya aiki."

"Taya shi? Shi da yake ɗiban abin da bai cika cokali ba? Ku dai gyara zama, Malam."

Da sanyi ya shigo sai bayansa ya fara ciwo, can ƙasa wajen ƙugu. Wannan bai dami kowa ba. Babu wanda ya yi shekaru a sashenmu bai san ciwon baya ba, kuma ban taɓa jin wanda ya kai shi asibiti ba. Gajiya muke ce masa. Yaya ya ce wa wanzami ya riƙa sauko da ƙahon zuwa wurin, domin a nan dattin ya taru. In an yi, yakan ji sauƙi kwana ɗaya ko biyu, sai ya ƙara yarda cewa yana kan hanya.

Gwaji na biyu ya nuna lambar ta ɗan hau. Likita ya ce kada mu jira wata uku, mu dawo bayan 'yan makonni a sake. Ya tambaye shi ko akwai inda yake masa ciwo. Yaya ya ce babu, alhamdu lillahi. Ba ƙarya ya yi ba. A wurinsa an tambaye shi ciwo ne, ba gajiya ba.

Da muka fito muka kai titi, sai ya ce, "Sarkin aska ya yi sakaci. Kuma mun yi saurin zuwa." Ya yanke shawara ba zai koma a ranar da aka ba shi ba, sai ya ba ƙaho lokaci ya gama aikinsa. Ya ce ko a kamfani ba ma kai fata gaban mai dubawa sai mun tabbata ta wanku, in ka kai ta da datti a mayar maka da ita. Yana tsoron in ya je da wuri lambar ta nuna sama, a rubuta masa gashi, damina ta sake wuce shi.

Fasto ne kaɗai bai ji daɗin wannan ba. Ya ce masa, "Liman, ƙaho dai ka yi abinka, ni ma ina yi. Amma ranar da aka ba ka, ka je."

"Fasto, ka kula da tururinka kada tukunya ta fashe."

Suka yi dariya, aka bar maganar. Makonni suka zama watanni. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, Yaya ya daina zama a benci, sai a tabarma, yana jingina da bishiya. Ya sayi sabuwar fartanya ya ajiye a bayan ƙofa.

Sai da aka fara ganin gizagizai suna taruwa da yamma sannan ya ce mu je, yanzu kam ya wanku. Da sakamakon ya fito, likita ya daɗe yana dubansa. Ya ce lambar ta ninka, ta ma wuce ninki. Yaya ya yunƙura zai gyara zama, ya kama bakin tebur da hannu biyu. Likita ya bi hannun da kallo.

"Baba, ku ɗan hau gadon nan in duba ku."

Ya ɗaga masa riga. Bayan Yaya duk shaidar ƙaho ne, tsofaffi da sababbi, jere har zuwa ƙugu. Likita ya tambaya mene ne dalili, Yaya ya yi masa bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari, kamar mai nuna aikin da ya yi. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce shi ma mahaifinsa yana yin ƙaho. Ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon.

"Baba, ciwon ba a cikin jinin yake zaune ba. Jinin labari kawai yake kawo mana. Ko da za a kwashe na jikinku duka a zuba sabo, in ciwon yana nan, lambar za ta dawo."

Sannan ya danna ƙashin bayan da babban yatsa, yana saukowa a hankali. Da ya kai wani wuri Yaya ya yi wani nishi da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Wannan ciwon bayan fa, tun yaushe?"

"Ai wannan na aiki ne, likita. Duk muna da shi."

"Baba, yaushe rabonku da ɗaga fata?"

Yaya ya juyo. Ya kalle ni.

Aka tura mu hoto. Ya nuna ciwon ya kai ƙashin baya da na ƙugu. Na tambayi likita a gefe ko da mun zo ranar da ya ce abin zai bambanta. Ya ce ba zai iya rantsewa ba. Tun gwajin farko da lambar ta ƙi ɓacewa, yana zargin ciwon ya riga ya fita kafin tiyata. Da mun zo da wuri da an fara magani da wuri, da kuma bai sha wannan azabar shi kaɗai ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma na gode masa da bai ƙara ba. Ya ce yanzu za a gasa wurin don ciwon ya lafa, a kuma riƙa yi masa wata allura da take rage wa cutar gudu. Bai ambaci warkewa ba.

Yaya ya ce, "Gona fa?"

"Ku gama gashin tukuna. Bayan haka ba zan hana ku ba. Amma fartanya ba taku ba ce yanzu, Baba. Ƙashin ba shi da ƙarfi, zai iya karyewa."

Ruwan shuka ya sauka muna layin gashi. Muna zaune a baranda, iska ta taso, ƙanshin ƙasa ya shigo har inda muke. Yaya ya karɓi wayata ya kira ɗan baffanmu ya ce ya shuka, kada ya jira shi. Ya faɗa masa inda zai sa kowane iri, ya maimaita, sannan ya miƙo mini wayar ya juya fuska wajen bango.

Kafin mu tafi ƙauye ya ce in kai shi bakin get sau ɗaya. Labari ya riga ya kai. Wanzamin ya taso ya durƙusa gabansa, ya kasa haɗa ido da shi. Yaya ya cire hula ya ce, "Sarkin aska, aski na zo. Ƙahonka bai yi laifi ba, ni na ba shi aikin da ba nasa ba." Aka yi masa aski. Fasto ya zauna kusa da shi har aka gama, yana riƙe masa da hular, ban ji sun tsokani juna ba ranar.

Na ɗauki hutu na kai shi. Mun isa an gama noman farko, gero ya kai gwiwa. Akwai gawo a tsakiyar gonar, amma gawo ba ya ganye da damina, don haka ɗan baffanmu ya kafa masa rumfar zana a gefe. Kowace safiya a ɗora shi a amalanke a kai shi. Kwanakin farko zama kawai yake yana kallon masu maimai, yana gyara musu, su kuma suna cewa to Baba, suna ci gaba da yadda suka saba. Na ga abin yana cin ransa.

Wata safiya ya ce in ja tabarmarsa zuwa bakin kunya. Ya zauna ya miƙe ƙafafu, ya fara cire ciyawa da hannu daga gindin geron, iyakar inda hannunsa ya kai. In ya gama ya tura ƙasa da tafin hannu ya rufe saiwar, sai ya ce in ƙara ja. Haka muka yi har rana ta ɗaga. Washegari ɗan baffanmu ya ce wa masu aiki su bar kunyoyin gefen gabas, kada kowa ya taɓa su, na Yaya ne. Da hutuna ya ƙare, matarsa ta zo ta zauna da shi, ita ta ci gaba da jan tabarmar. Ta ce mini wani lokaci yana aikin yana magana da mahaifinmu a hankali, yana ba shi labarin Kano.

Da ranar allura da gwaji ta zo, ya iso Kano a ranar, bai ƙara ko kwana ɗaya ba. Likita ya ce lambar ta ɗan sauka saboda allurar. Yaya ya yi godiya, bai tambayi nawa ba. Abin da ya dame shi shi ne mu samo masa motar komawa da wuri, domin gero ya fara fitar da kai kuma tsuntsaye sun gano gonar.

Lokacin da na koma ƙauye, gero ya nuna, ƙafafun Yaya kuma sun daina ɗaukarsa. Ni da ɗan baffanmu muka ɗaga shi zuwa amalanke ranar girbi. Aka kwantar da karan kunyoyinsa aka jawo masa su gabansa, aka ba shi 'yar wuƙa. Ya riƙa yanke zangarniya ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a cinyarsa, yana murza wata a hannu ya duba ƙwayar. Bai yi yawa ba ya gaji, muka ƙarasa masa.

A hanyar gida yana kwance a amalanken, ina tafe a gefe. Ya ce, "Na samu maimai, na samu girbi. Shuka ce ta wuce ni."

Na ce, "Yaya, ai kun noma ta."

Ya yi ɗan tunani, kamar yana auna maganar, sannan ya ce, "Gefen gabas dai na noma."

Ya rasu kafin a gama sa dammunan a rumbu. A ƙauye muka binne shi, kusa da mahaifinmu. Allah Ya jiƙansu.